Ranar da Ban Kira Baba Ba

Ranar wata Alhamis da hantsi, cikin kakar shekarar da aka sa ni aji ɗaya, saniyar Gwaggo Dudu ta zurma ƙafa a ramin gafiya a bakin fadama, ta karye. Ina bakin rijiya da ɗan tuluna na ji ihu. Gwaggo Dudu maƙwabciyarmu ce, tsohuwa, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma saniyar nan ita ce gonarta, ita ce rumbunta. Na hango ta tafe a guje, ba ɗankwali, hannu biyu a ka. Ba ta nufi gidan mai unguwa ba, ba ta nufi gidan mai ɗori ba, kwata ta nufa, wato 'yar mayankar ƙauyenmu, tana ƙwala wa Sarkin Fawa kira tun daga nesa. Na dire tulu na bi ta, don ni tun ina ƙarama ba a yin abu a bayan idona. Kafin rana ta yi tsaka rundawa, haka muke kiran mahauta a wajenmu, sun ɗauko saniyar a amalanke, an yanka, an feɗe, an kasa naman kashi-kashi a kan asabari. Sarkin Fawa ya sa aka bi gida-gida ana faɗin watanda ce ta Gwaggo Dudu, kowa ya fito ya ɗauki kashi. Aka kuwa fito, har waɗanda ba su sa ran ganin nama a tukunyarsu ba sai da Sallah. Wani ya kawo kuɗi, wani tiyar shinkafa, wani damin gero. Kasuwa ba ta zagayo sau biyu ba sai ga Gwaggo Dudu tana jan 'yar karsana da sabuwar igiya, tana tafe tana yi mata faɗa tun ba ta yi laifin komai ba.

Ƙauyenmu 'yar tunga ce a bakin fadamar gulbi, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, amma mun fi kusa da Argungu. Shinkafa a fadama, gero da dawa a tudu, albasa da rani, sai ɗan abin da kowa ya ɗaure a bayan ɗaki. Babu mai garke a cikinmu. Mai saniya ɗaya ne, mai sa ɗaya, mai tumaki uku. Kwatar kuwa ba wani abin a zo a gani ba ce. Dandamalin siminti ne a ƙarƙashin tsamiya, da rijiya a gefe, da 'yar rumfar kara, da ƙugiyoyi a jikin wani gungumen giginya, sai ungulaye da ke jere a sama suna jiran rabonsu. Ranar kasuwa malamin dabbobi kan zo daga gari a kan keke, ya duba hanta da huhu, ya buga wa cinya hatimi mai shuɗin tawada, sannan a fara sayarwa. Tungayen kewaye duk nan suke kawo nasu. Ba abin da ake zubarwa: fata majema ke jira, abin cikin tumbi masu albasa ke kwashewa zuwa lambu, ƙafafu da kai na masu tuwon sayarwa ne. Sarkin Fawa wani tsoho ne siriri, ka rantse bai taɓa ɗanɗana nama ba, kuma maganarsa ga masu kiwo ɗaya ce kullum: "Bisa in ta hwaɗi, ku kira ni tun tana lumfashi. Sauran magana mu yi ta baya." Kowa ya san abin da yake nufi. Dabbar da ta mutu ba a sa mata wuƙa ba ta zama mushe, ba ci, ba sayarwa, mai ita ya tashi a tutar babu.

Mu yara kwata ce dandalinmu. Da an tashi makaranta ranar kasuwa sai can, allo da littafi a hamata. 'Yan maza na kokawa a kan mafitsara, su hura ta su yi ƙwallo har ta fashe. Mu 'yan mata muna carabke da 'yar gala-gala a inuwa, ido ɗaya a wasa, ido ɗaya a kan farantin ƙosan da aka ɗora mana. Inna kan aike ni da 'yar tasa in karɓo kitse ko ƙashin miya, Sarkin Fawa ya ƙara mini ɗan yankin hanta ya ce na ladan ƙafa ne. Sai dai ina da wani hali da kowa ya san ni da shi. Da na ga an kayar da dabba, an juya wuyanta gabas, tsohon ya fara naɗe hannun riga, sai in ruga bayan tsamiya in cusa yatsu a kunne, in runtse ido, har sai wata ta zo ta taɓa ni ta ce an gama. Ba na iya gani, wallahi ba na iyawa. Inna ba ta raga mini ba ko sau ɗaya. "Tausayin banza!" in ji ta. "A yanka kina kuka, a dahwa ke ag gaba da akushi." Kuma gaskiyarta, ban taɓa barin tsoka a kwano ba.

Ina aji biyu Baba ya haɗa kuɗin albasa da tumakin Inna biyu ya sayo ɗan sa, bokolo, mai guntayen ƙaho da fatar wuya mai reto, launinsa kamar tokar murhu. Ni na raɗa masa Ɗantoka, sunan kuma ya bi shi. Baffa Mani, ƙanin Baba, shi ma yana da nasa guda. Sa ɗaya ba ya jan garma, don haka suka haɗa: karkiya ɗaya, garma ɗaya, yau gonar wannan, gobe ta wancan, in sun gama nasu su yi wa wasu huɗa a biya su. Daga wannan shekarar gidanmu ya canja. Fadamarmu da a da Baba ke kai rabi da hauya ruwa ya riske shi, sai ga ta an huɗe ta tas tun gulbi bai motsa ba. Baba ya daina tafiya cin rani. Aka gina rumbu na biyu. Inna ta daina auna tsaba tana kallon ƙasan kwano. Duk wannan a wuyan Ɗantoka yake, kuma ko ni da nake yarinya na san haka.

Ni ce babba a ɗakinmu, masu bi mini duk ƙanana, don haka kiwonsa a kaina ya faɗa. Kafin in tafi makaranta in share gindin turke, in zuba masa harawa, in dama dusa da ɗan jiƙon kanwa. In na dawo in ɗauki lauje in gangara fadama yankan ciyawa, in dawo da dami a ka, ƙaiƙayi har cikin riga. Na sha bulalar makara saboda shi, ban kuma taɓa jin haushinsa ba. Ya san tafiyata. Tun ina bayan danga zai ɗaga kai ya yi wani ɗan gurnani da ba ya yi wa kowa. Yana son a sosa masa gindin tozo, yana son ɓawon mangwaro, ya tsani a taɓa masa kunnen hagu. In an yi mini faɗa a cikin gida wurinsa nake zuwa in kai ƙara, ina cire masa kaska ina ba shi labari, shi kuwa yana tuƙa abinsa. Har haddar da aka ba mu a makarantar allo shi nake fara biya wa. Inna ta ce da mutum ne da tuni ya sauke, ni kuwa ina nan inda nake.

Shekarar da nake aji uku gulbi ya yi cikar da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinta ba. Ruwa ya hau har kwata. Da ya janye, dandamali ya tsage gida biyu, rijiyar ta rufta. Aka ce za a gyara bayan girbi. Bayan girbi Sarkin Fawa ya kwanta, bai tashi ba. Malamin dabbobi ya zo sau biyu ya tarar ba inda zai duba nama, ya daina zuwa. Sai kuma magana ta iso cewa naman sayarwa sai wanda aka yanka a babbar mayanka ta gari, aka duba aka buga masa hatimi a can. 'Ya'yan rundawa suka ɗaure wuƙaƙensu suka tafi Birnin Kebbi gashin tsire da balangu. Ba wanda ya yi kuka, ba wanda ya kai ƙara ko'ina. Kowa na cewa ai abu kaɗan ne, siminti ne da rijiya, za a tashe ta. Akuya ko tunkiya in ta faɗi mai gida ya yanka a bayan ɗaki, a ci da maƙwabta, ba a ji asarar sosai ba. Ba mu san abin da muka rasa ba sai da babbar dabba ta faɗi, kuma a gidanmu ta fara faɗuwa.

Farkon damina ne, ina aji huɗu. An yi ɗan yayyafi makonni biyu da suka wuce, gyauron dawa ya tsiro a tsofaffin gonaki, sai ruwa ya ɗauke, gyauron ya tsaya ya yi shuɗi-shuɗi. Duk mai kiwo ya san irin wannan guba ne ga shanu. Sannan aka yi ruwan shuka na sosai, ƙasa ta jiƙe har ta yi laushi, turken Ɗantoka ya tuge. Da sassafe na fito da ƙwaryar dusa na tarar da rami a inda turke yake. Muka bi sawu ni da Baba, muka same shi a gonar bayan gari, tsaye cikin gyauro, ƙafafu a buɗe, yawu na dalala, gefen cikinsa na hagu ya taso ya yi tauri. Baba ya buga da yatsa, abin ya amsa kamar ganga. Da ƙyar muka jawo shi gida. Aka ɗura masa ruwan kanwa da man gyaɗa da kwalba, aka gindaya masa kara a baki, aka yi ta murza cikin. Ya ɗan yi gyatsa sau ɗaya, muka ce alhamdulillahi. Can sai ya durƙusa, ya kwanta, ya ƙi tashi.

Baffa Mani ya ce a yanka nan take. Baba ya dubi san, ya tambayi Baffa, in an yanka wa zai feɗe, wa zai kasa, wa zai saya? Ranar shuka ce, kowa na gona, kuma lokaci ne da ba mai ko tiya ɗaya ta rara a rumbu. Naman sa guda a wannan zafin kafin la'asar ya fara wari. Amma in aka kai shi mayankar Argungu da ransa, rundawan can za su saya da darajar da za ta kawo wani ɗan sa, a sa shi a karkiya kafin ruwa ya cika fadama. In ma abin ya ƙi aka yanka a hanya, matuƙar an kusa gari, a ƙarasa da shi mayanka a duba, ba za a rasa abin sayen maraƙi ba. Abu ɗaya ne ba a so, ya mutu ba wuƙa. Aka aro amalanken mai unguwa da shanunsa biyu, maza shida suka ciccibi Ɗantoka suka ɗora, suka karkaɗe hannu kowa ya ruga gonarsa, don danshin shuka ba ya jiran kowa. Baffa Mani ma ya tafi, yana girgiza kai. Hanyar fadama ta yi laka, dole Baba ya kasance a gaba yana jan shanun da igiyar hanci. Saura wanda zai zauna a baya ya sa ido, kuma ba kowa sai ni.

Baba ya wasa wuƙarsa a dutsen ƙofar gida, ya soke ta a ƙugu, ya ɗaga ni ya ajiye a kan amalanke. Ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da nawa. "Kulu, ki aza kanai bisa cinyarki. In kin ga halshe ya fito ya yi baƙi, ya miƙe ƙahwahu shina shure-shure, ki kira ni. Kak ki jira komi. Kin jiya?" Na ce na ji. Inna ta miƙo mini gorar ruwa da ɗan ƙunshin ƙuli.

Tafiyar da a ƙafa da rani ba ta wuce sa'a biyu, ranar nan ta zama ba iyaka. Ƙafar amalanke ta nutse, Baba ya ja, ya yi wa shanu tsawa, ya lallashe su, laka har gwiwarsa. Ni ba abin da nake gani sai bayansa, rigar ta manne da gumi. Kan Ɗantoka na kan cinyata, da nauyi, da zafi, numfashinsa na fita guntu-guntu. Ina kore masa ƙuda da gefen zane, ina ɗiga masa ruwa a hanci, ina sosa gindin tozon, ina ce masa ya yi haƙuri an kusa. A gonakin tudu mutane sun duƙa, maza na sara da sungumi, mata da yara na bi suna zuba iri suna takewa, wasu su ɗago su yi mana sannu daga nesa. Jim kaɗan Baba zai ɗaga murya, bai waiwayo ba: "Kulu, yaya?" In ce, "Yana nan, Baba." Sau nawa ya tambaya, ban ƙirga ba. Duk waɗannan amsoshin gaskiya na faɗa.

Mun fita daga laka mun hau wani ɗan tudu, daga nan ana hango rufin kwanon Argungu yana ƙyalli, sai Ɗantoka ya yi wata irin miƙa. Ƙafafun baya suka miƙe suka fara shuri a jikin katako. Harshen ya zubo gefe, na ga launinsa da idona, ba ja ba ne kuma. Duk abin da Baba ya lissafa, ga shi, ba abin da ya rage. Na buɗe baki. Sai na tuna wuƙar da ke ƙugunsa, na ga cewa a nan za a yi, a kan cinyata, ni zan riƙe ƙahon, ba inda zan ruga, ba tsamiyar da zan ɓuya a bayanta. Sai zuciyata ta kawo mini wata dabara: ai ga gari can, na taɓa ji an ce malamin dabbobi na huda cikin sa iska ta fita ya miƙe, in na yi shiru kaɗan, kaɗan kawai, za mu isa, ba za a yanka shi ba sam, mu koma gida tare. Na ja gefen zanena na rufe harshen. Ƙarar amalanke ta haɗiye shurin. A daidai nan Baba ya ce, "Kulu, yaya?" Wayyo ni. Na ce, "Yana nan, Baba."

Ban san tsawon lokacin da muka ƙara tafiya ba. Shurin ya ragu, ya tsaya. Kan ya ƙara nauyi a cinyata. Na ci gaba da sosa tozon, ina ce wa kaina barci ya yi. Da muka iso bakin kwalta Baba ya tsayar da shanu su huta, ya zagayo yana share fuska da hula. Kallo ɗaya ya yi, hannunsa ya kai ga wuƙa, ya zaro ta rabi. Ya sa yatsa ya taɓa ƙwayar idon, ido bai ƙifta ba. Ya ja wutsiya, ya kara kunne a hanci, ya daɗe a haka. Sannan ya mayar da wuƙar kube a hankali, ya yi salati, ya zauna a ƙasa a gefen titi, shi da ban taɓa ganin ya zauna a ƙasa ba tabarma ba. Wani mai babur ya tsaya, ya leƙa, ya dafa cikin san, ya rage murya. "Malam, da ɗuminai hwa. Aza mai wuƙa mu ƙarasa gari, wa za ya sani?" Baba bai ko ɗago ba. "Ni na sani," in ji shi. "Ban ba mutane mushe su kai ma ɗiyansu." Mutumin ya taɓe baki ya ja babur ɗinsa.

Da shanun aro muka ja gawar zuwa wani kwazazzabo nesa da hanya. Ba mu bar wurin ba ungulaye suka fara sauka. Muka juyo da amalanke ba komai a kai sai ni da gorar ruwa. A hanya Baba ya yi mini magana, kuma da taushi ya yi ta. "Kulu, bai yi alama ba?" Na ce, "Ban gani ba, Baba." Ya gyaɗa kai, ya ce wani sa'in haka suke yi, ba su nunawa, shi ne ya kamata ya riƙa tsayawa yana dubawa. Ya ɓare ƙullin ƙulin nan ya miƙo mini, ya ce in ci, tun safe ban sa komai a ciki ba. Na karɓa na ci. Wannan ƙulin har yau ban gama haɗiye shi ba.

A tungarmu magana ta bazu cewa kwaɗayi ne ya ja wa Baba. An ce ya yanka ya ƙi, yana hangen kuɗin birni, ga shi ya rasa duka. Baffa Mani ya faɗa a bakin masallaci, gaban mutane, kuma daga ranar gaisuwarsu ta koma ta baƙi. Baffa ya haɗa sansa da na wani, ba kuma zan ga laifinsa ba, shi ma iyali gare shi. Ko sau ɗaya ban ji Baba ya ce ai yarinya ce ke gadi ba. Ko a gaban Inna bai ɗora mini laifin ba. Ya koma fadama da hauya shi kaɗai, tun asuba har rana ta faɗi, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba ruwa ya shigo. Rumbu na biyu ya zama wurin kwanan kaji. Da rani ya ɗauki buhu ya tafi cin rani, ya dawo da tari. Ina kallon duk wannan, ina share gindin turken da ba komai, ina cewa gobe zan faɗa. In na gan shi da fara'a in ce kar in ɓata masa, in na gan shi a gajiye in ce ba yau ba.

Bayan shekara biyu ya bar wa Baffa gonar, muka kwaso 'yan komatsanmu zuwa Birnin Kebbi, ɗaki ɗaya a unguwar Badariya. Mutumin da ke huɗe fadama guda kafin azahar ya koma tura kurar ruwa unguwa-unguwa, yana sallama a ƙofar gidajen waɗanda a haife ya haife su. Da wannan kurar ya riƙe ni a makaranta har na zama malama. Mutane kan ce mini ai alheri ne, da ba ku dawo birni ba da ba ki yi karatu ba. Su riƙe lallashinsu, ba na so. Ni na ga yadda yake tsayawa in motar shanu ta wuce, ya bi ta da kallo har ta ɓace, sannan ya tofa yawu a hannu ya kama kura.

Ciwonsa na ƙarshe a gidana ya yi shi, a unguwar Gesse. Wata rana bayan la'asar ina yanke masa farce a tsakar gida, sai ya riƙe hannuna. "Kulu, akwai abin da ya daɗe shina cin raina. Ranar Ɗantoka. Na aza maki abin da ya hi ƙarhinki, kina 'yar yarinya, ke da ko kallon yanka ba ki iyawa. In na tuna ki zamne bisa amalanken nan sai kunya ta kama ni. Ki gahwarta mani." Jama'a, shi ke neman gafarata. Gaskiyar ta zo har bakina, shekara talatin tana jiran wannan ƙofar. Na dubi fuskarsa, ta rame, amma idon nan na kallona yadda yake kallona tun ina ƙarama, sai na ji tsoron kada kallon ya canja a kwanakin da suka rage masa. Na ce, "Na yafe, Baba. Ba ka yi mini komai ba." Ya ce alhamdulillahi, ya saki hannuna, ya miƙo ɗayan in ƙarasa farcen. Kwana biyu tsakani ya rasu.

Bara na je tungarmu gaisuwar rasuwa, na bi ta kwata. Dandamalin na nan a tsage, awaki na kwance a kai. Har yanzu ba a tashe ta ba. An ce mini yanzu in babbar dabba ta faɗi sai a kira mota daga gari, in ta zo da wuri to, in ba ta zo ba mai ita ya sayar wa duk wanda ya taya, ko ya zauna ya kalli dukiyarsa tana mutuwa. Da yawa sun daina kiwon shanu gaba ɗaya. Na tsaya na auna da ido daga inda gidanmu yake zuwa nan, tafiyar ba ta kai a gama alwala ba. A da, ihu ɗaya ya isa, manya su taru su yi aikin manya, yarinya ta ruga ta toshe kunnenta, da yamma ta yi kukanta ta share, uban ya kwana da abin sayen wani san. Ba na ɗora wa rushewar kwata laifina, nawa ne, ni na rufe harshen nan da zanena. Amma da tana tsaye da ba a kai ga tambayata ba, kuma da Baba ya tsufa a gonarsa. Yau ga shi na faɗa wa duk wanda ya karanta, sai dai wanda ya kamata ya ji ya tafi yana ganin laifin nasa ne.